Tabo a Kan Kiristal ɗin Baba

Ƙarfe goma da kwata na safe Dakta ta buɗe wa hasken leza hanya, kafin ma ta ɗauke yatsa daga kan maɓalli baƙin tabo ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar kiristal ɗin mahaifinta. A allon kwamfuta ta gan shi, inda kamara ke nuno fuskar kiristal ɗin da faɗi. Ta danna maɓallin rufewa har sau uku, alhali sau ɗaya ya isa. Tabon dai yana nan daram, baƙi ƙirin, gefensa ja-ja irin na rigar da aka manta dutsen guga a kanta.

"Subhanallahi," in ji Injiniya, mai kula da injin, daga bayanta. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. "Dakta, mene ne wannan kuma?"

"Na ƙone shi," ta ce. Muryar ma kamar ba tata ba.

Wanda bai san zancen ba zai ce, don ɗan wannan abu ake salati? Ai kiristal ɗin bai fi ƙwayar shinkafa ba. To, ɗan abin nan wata goma sha huɗu ya yi yana girma a cikin tanderu, kuma babu na biyunsa. Mahaifin Dakta ne ya raine shi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan aiki a tsohon ginin da ke bayan cibiyar binciken da Dakta take aiki, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Tanderu yake ce masa. Ya narka sinadarai a kwalba, ya riƙa rage wuta kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, har su daskare su zama ɗan dutse mai tsari. Wasu sun sha gwada wannan nau'in, sai dai su kwashe toka. Shi ya samu guda ɗaya, mai fuska ɗaya tak mai santsi, daga nan hannunsa ya fara rawa, ya ajiye aiki. Tanderun ma an kwance shi, ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Wata bakwai ke nan da ya miƙa wa autarsa 'yar kwalbar da kiristal ɗin ke ciki, yau kuwa fuskar nan guda ce ta yi baƙi.

Shi kuwa injin, shekara uku ita da Injiniya suna haɗa shi a wani ɗakin ƙasa marar taga. Dogon teburin ƙarfe ne cike da ƙananan madubai. Hasken leza yana fitowa walƙiya-walƙiya, sau dubu a daƙiƙa, sai a raba shi biyu. Babban kason ya je ya daki wani siririn fallen jan ƙarfe da ke ta warwara kamar zaren kaset a cikin akwatin dalma. Kowane duka sai ya haifar da tartsatsin hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma gajere ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba. Ƙaramin kason kuma aikinsa ya ɗan zunguri kiristal don ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa su motsa, eksire ya iso a bayansa ya kama su suna cikin motsin. Zunguri aka ce, ba a ce ƙuna ba. Wannan ƙaramin kason ne ta buɗe yanzu.

Injiniya ya jawo takardar lissafinta ya bi ta layi-layi da bakin biro. Ya sa ma'auni a gaban hasken ya karanta, ya sake karantawa.

"Lissafinki daidai ne. Ƙarfin hasken ma bai kai rabin abin da zai yi masa illa ba."

"Lissafi daidai, kiristal a ƙone. Wa zan kai wa lissafin, Injiniya?"

Injiniya mutum ne da ba ya rasa abin ban dariya ko a gidan makoki, amma yau babu wasa a fuskarsa. Can ya ce ko su ɗan jira, kada a tayar wa mahaifin nata hankali, a ce masa injin ne bai gama shiri ba. Gaskiya sai da ta juya maganar a ranta. Amma ta san kanta: ranar da ta zauna gabansa ya ce mata "Yaya ɗan namu?" kamar yadda ya saba tambayar kiristal ɗin, fuskarta ce za ta tona ta. Ta cire kiristal ɗin da hantsaki, numfashinta a riƙe, ta mayar da shi 'yar kwalbarsa mai ƙwayoyin shan danshi a ƙasa, ta murɗe murfin, ta ɗauki makullin mota.

Hanyar da take yi a minti ashirin ranar sai da ta ci arba'in. Ana gyaran bututun ruwa a gaban kantin magani, an tsage rabin titi, wani ma'aikaci mai jar tuta yana sakin motoci biyar-biyar. Duk tsayuwa sai ta shafa aljihun rigarta ta ji kwalbar na nan. Ta tsara maganar da za ta yi ta kai kala goma, kowace ta fi 'yar'uwarta muni. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san ba zai yi faɗa ba. Cewa zai yi, "Ba komai, Auta," ya juya ya kalli taga, ita kuwa gara ya zage ta tas da wannan.

Gidan iyayenta a hawa na uku yake, babu lif. Mama ce ta buɗe ƙofa, da tulin wankakkun kaya a kafaɗa.

"A'a, Auta? Da ranar nan tsaka? Lafiya kuwa? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Mama. Baba na ciki?"

"Ina zai je? Yana can yana gardama da rediyo."

Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, hannayensa biyu a kan cinya suna 'yar rawarsu. Ta durƙusa a gefensa ta gaishe shi. Ya amsa, ya dubi fuskarta, sai ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Duk maganganun da ta tsara suka gudu, ta fito da kwalbar kawai.

"Baba, na ƙone shi. Yau da safe. Ni ce na buɗe hasken, ba kowa ba. Ka yafe mini."

"Ƙonewa kika ce? Ɗauko mini gilashina a aljihun tebur."

Ta ɗauko ɗan gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Ya maƙala shi a ido, ita ta riƙe masa kwalbar a hasken taga, don shi ba zai iya riƙewa ba.

"Juya. A hankali. Koma baya kaɗan."

Ya daɗe yana kallo, har hannunta ya fara sagewa. Sannan ya ce ta buɗe murfin.

"Baba, danshi zai shiga."

"Ni za ki koya wa danshi? Buɗe, ƙiftawar ido ce."

Ta buɗe. Ya kai hanci ya shaƙa sau ɗaya, ya ce ta rufe. Ya cire gilashin ya dube ta sama da ƙasa.

"Auta, kin wanke shi kafin ki ɗora?"

"Wanke shi? Da me? Wallahi ko numfashina ban bari ya taɓa shi ba. Yadda ka ba ni haka na ɗora shi."

Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ta ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce. Ya yi ta yi har da tari, har Mama ta shigo da kofin ruwa tana tambayar abin da ya faru.

"'Yarki," ya ce yana nuna ta, "'yarki mai digiri uku ta harba leza a kan kiristal ba ta wanke shi ba."

Mama ta riƙe haɓa. "Kai, Auta! Da jan farcen a jikinsa?"

"Jan farce?"

Jan farce dai, na mata, marar launi. Irin wannan kiristal ba ya shiri da danshin iska, in aka bar shi sai fuskarsa ta dushe. Tun yana saurayi Mai Tanderu ya gano cewa shafi ɗaya siriri na jan farce marar launi yana kare shi fiye da duk abin da ya gwada, kuma ido ba ya ganinsa. Duk kiristal ɗin da ya fita daga hannunsa da wannan rigar yake fita. Mai aiki da shi sai ya fara wankewa da asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi. Bai taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, wai don kowa ya sani. Kowan nan kuwa mutum biyar ne ko shida, biyu sun rasu, sauran suna gida suna wasa da jikoki. Sai Mama, wadda ta sha tsintar 'yan kwalabe a aljihun wandonsa ranar wanki.

"Karon farko sai da na tsare shi a bakin ƙofa," in ji Mama. "Na ce malam, farcen wa kake shafawa a wurin aikin nan?"

Dakta ba ta yi dariya ba. "Amma Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na fara. Ranar da na ba ki na ce, 'Kafin ki yi aiki da shi,' kika ce, 'Na sani, Baba.' Ni kuma na ce to, tunda an sani."

Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Haka aka yi, ta tuna sarai. Halin nata ke nan: tun da ta shiga wannan fanni ta rantse ba za a ce ubanta ne ya ɗauke ta a kafaɗa ba. Za ta rubuta wa baƙo a wata ƙasa ta tambaye shi, amma wanda ya haife ta, da ke zaune tafiyar minti ashirin daga ofishinta, a'a. Shi ma dai gwani ne wajen taurin kai. Don yarinya ta ce ta sani, sai ka kama bakinka wata bakwai? Tsakanin uban da 'yar ba a san wanda za a fi ɗora wa laifi ba.

"Ke nan bai ƙone ba?" ta tambaya a hankali.

"Abin da na shaƙa warin jan farce ne. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa sai an wanke. Kada ki fara rawa tukun. Miƙo mini takalmina."

Mama ta ce babu inda zai je bai sha maganin rana ba. Ya sha a tsaye. Ta cusa masa rigar sanyi, don ta ji an ce ɗakin injin nan firiji ne. Saukowa daga benen ya ɗauke su lokaci, yana dafe da kafaɗar Dakta, yana jero mata sauran laifuffukanta tun na ƙuruciya.

Injiniya ya tarbe su a bakin ƙofar ɗakin ƙasa, ya rusuna ya gaida tsoho, ya ba shi ledar rufe takalmi da tabaran kariya. Da ya ji labarin jan farce sai ya dafe bango.

"Baba, ka ce wallahi. Shekara uku ina lallashin madubai arba'in, ashe kayan kwalliya ne za su kayar da mu?"

"Kai dai nemo asiton mai tsabta, ba na kantin kwalliya ba."

A cikin akwatin gilashi mai busasshiyar iska aka yi aikin, irin wanda ake zura hannu ta safar roba da ke manne a jikinsa. Dakta ta zura nata. Mahaifinta ya tsaya a kafaɗarta, ya cusa hannayensa a hammata don kada rawarsu ta ɗauke mata hankali, suna kallon allon madubin ƙara girma tare. Aiki ne da ya yi sau dubbai, yau sai dai ya yi shi da baki.

"Kada ki goge. Wa ya ce ki goge? Ɗiga kawai, daga gefe. Bar ruwan ya shiga ƙarƙashi da kansa."

Ta ɗiga. Babu abin da ya faru. Hannunta ya nufi tsinken auduga.

"Dakata mana! Ke kam gaggawa tun kina ciki, wata takwas aka haife ki. Ƙara ɗigo."

Ta ƙara na biyu, ta ƙara na uku. Gefen tabon ya ɗan ɗaga. Zufa ta gangaro ta shige mata ido, ba halin sharewa. A ɗigo na biyar baƙin abin ya saki gaba ɗaya, ya taso a kan ruwan kamar ɓawon ƙurjin da ya warke, ta kai bakin audugar ta ɗauke shi. Ruwan ya bushe. Fuskar kiristal ɗin ta fito tas tana ƙyalli, ko ƙwarzane babu.

Dakta ta zare hannayenta daga safar ta zauna daɓas a kan tayil mai sanyi. Tana dariya hawaye na zuba, tana ta maimaita alhamdulillahi. Nauyin da ta yini da shi a ƙirji ya sauka, sai a lokacin ma ta ji yunwa, ta tuna ko shayi ba ta sha ba. Injiniya ya ce baƙin ɓawon nan kada a yar, shi zai sa shi a firam ya rataye a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ɗakin ya fara gaishe shi.

"Tashi, Dakta, ana kallonki," in ji mahaifinta. Ba ya kiranta da wannan suna sai in zai tsokane ta.

Suka sha shayi da biskit a ɗan ofishin da ke gefe, wanda tebur ɗaya da kujera biyu suka cike shi, Injiniya a zaune kan kwalin takardu. Nan fa bakin Dakta ya buɗe. Tambayoyin da ta yi shekara goma tana haɗiyewa suka yi ta fitowa. Da wane irin danƙo yake manna su? Me ya sa yake karkata kwalbar a mako na shida? Yaya yake gane ranar da za a kashe wuta? Tsohon yana amsawa yana hura hanci, kofinsa cike rabi kawai don kada ya zubar. Duk amsar da ya bayar sai ya tambaye ta ko wannan ma ta sani.

Ƙarfe huɗu saura suka gama ɗora kiristal ɗin. Injiniya ya sa sabon naɗin jan ƙarfe, ya rufe akwatin dalma, suka koma bayan teburin kwamfuta. Aka ba tsoho kujera mai taya, ya ƙi zama. Jar fitilar gargaɗi ta kama. Daga cikin akwatin aka fara jin ƙarar nan siririya irin ta sauro, ta leza tana cin jan ƙarfe. Eksire kaɗai Dakta ta fara saki. A kan baƙin allo wani farin ɗigo ya fara taruwa kaɗan-kaɗan, wato hasken da jerin zarrar kiristal ɗin suka karkato zuwa kamara.

Ta shiga yi masa bayani da ɗoki: yanzu za ta buɗe ɗaya hasken, ɗigon zai gusa ya dawo, daga nan za su san yadda zarra ke motsi a ciki. Ba ya saurarenta. Ya matso ya ƙanƙance ido ta cikin tabarau biyu.

"Ɗigo nawa ne?"

"Ɗaya."

"Duba da kyau. Ba biyu ba ne a manne da juna?"

Ta ƙara girman hoton har ya cika allon. "Ɗaya ne tak, Baba. Ga shi a dunƙule, ko jela babu. Da safe ma haka ya fito. Ni ban taɓa ganin mai kyansa ba."

Sai ga shi yana laluben kujerar da ya ƙi. Ya zauna a hankali, ya sauke doguwar ajiyar zuciya.

"Ranar da na fito da shi, ya kuɓuce mini," ya ce. "Daga hantsaki ya faɗo kan tebur. Na ji ƙarar. Ranar ce hannun nan ya fara yi mini haka. Babu kowa a ɗakin."

Ya dubi hannun nasa, ya ci gaba.

"Ta waje ban ga komai ba. Amma kin sani, in ya tsage ta ciki ido ba ya gani, sai eksire, ɗigo ya rabu biyu. Akwai tsohon injin eksire a saman benen wurin aikinmu, aikin awa ɗaya ne. Sau uku ina kaiwa bakin ƙofar ina dawowa. Na ce in biyu ne, ke nan da tsagagge na rufe aikin shekara talatin da huɗu, kuma ba ni da wani da zan ba ki. Sai na shafa masa jan farce, na miƙa miki, na yi shiru. Ko mamarki ba ta sani ba." Ya ɗaga tabaran ya share ido da bayan hannu. "Wata bakwai, duk zuwanki gida fuskarki nake karantawa. Yau da kika shigo na ce shi ke nan, ta gani."

Tausayinsa ya kama ta. Ita tsoron yini ɗaya ya kusa kashe ta, shi wata bakwai yana ɗauke da nasa shi kaɗai. Ta durƙusa a gaban kujerar ta kama hannayensa biyu. Suna rawa a cikin nata, ta riƙe su gam.

"Ƙirga mini kuma," ya ce.

Ta saki hannu ɗaya ta ɗora yatsa a kan allon. "Ɗaya."

"Injiniya, kai fa?"

"Ɗaya ne, Baba. Ko kotu aka kai ni, ɗaya ne."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya jingina da kujerar, ya lumshe ido.

"Alhamdulillahi. To, Auta, yi aikinki. Ni na gama nawa."